Tana Ci Tana Ramewa a Hannuna

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina ɗinki a Yendi, kuma kowa a zango ya san ba ni da haƙuri. Yayata da ke aure a Salaga ta ba ni riƙon 'yarta mai shekara tara, don ta yi makaranta a wurina.

Yarinyar nan ci take kamar ana korarta. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo har da ƙari, amma kullum sai na rage mata ƙugun siket. Ga zufa ko da ruwa ake yi, hannu na rawa, ba ta iya zama wuri ɗaya. Idanunta suka firfito, ni kuwa na ɗauka harara ce, har na ce ta daina zare mini ido ni ba sa'arta ba ce. Na ba ta maganin tsutsa, shiru.

Da Yaya ta zo biki ta gan ta, sai ta fashe da kuka gaban mutane, wai amana ta ba ni, ba busar mata da 'ya ta ce in yi ba. Na rantse, yarinyar ma ta ce tana ƙoshi, aka ce tsorona take ji. Kakarmu ta ce a kai ta Bawku wurin wani mai magani, baki ne ya kama ta. Da muka je, wata nas maƙwabciyar mai maganin ta taɓa wuyanta, ta ji bugun zuciyarta, ta ce mu wuce asibiti a gwada jini.

Likita ya ce wani ɗan nama ne a maƙogwaro, garkuwar jikinta ce ke zuga shi yana aiki fiye da kima, yana ƙone abin da ta ci. Na tambaye shi wa ya jawo, ya ce babu kowa. Har yau ban gane yadda jiki ke yaƙar kansa ba.

Yaya ta tafi da 'yarta. Magani ya karɓe ta, ta yi ƙiba a Salaga, sai dangi suka ce ai ga shi nan, daga barin hannuna ta murmure. 'Yan'uwa, in yaro na ci yana ramewa, ku fara da asibiti kafin ku nemi mai laifi. Yarinya ta warware, amma ni da Yaya har yanzu gaisuwa ce kawai.