Sikelin Shanu na Gumani

Shagon Baba na gyaran sikeli yana Moshi Zongo, kuma ni na tashi a cikinsa. Tun ina ƙarami na san sifirin ɗin sikeli, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan, da ya gaji da wanda kawai datti ya riƙe shi. Kowa a unguwa ya ɗauka ni ne magaji, ni ma haka na ɗauka.

Da sikeli mai lantarki ya shigo gari, sai aikin ya canja. A ƙarƙashinsa akwai wani guntun ƙarfe da muke kira lodsel, an manna masa geji, wato wata 'yar takarda mai siririyar waya da ba ta kai farce ba. Idan aka ɗora kaya, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba ya gani, wayar ta miƙe, wutar da ke bi ta cikinta ta sauya, sai lamba ta fito. Na fahimci wannan sarai. Hannuna ne ya ƙi. Ina da gumin tafi, duk gejin da na manna sai ya ɗaga.

Ƙanwata kuwa, wadda ta koyi aikin lantarki a makarantar sana'a, takan goge ƙarfen, ta ɗiga gam, ta danna da babban yatsa tana hira da mu. Nata ba ya ɗagawa. Baba ya fara cewa, "Bar wa ƙanwarka wannan." A hankali yake faɗa, amma har cikina nake ji.

Wata damina wani makiyayi daga bayan Gumani ya zo da kuka. Sikelin da ƙungiyarsu ta saya don auna shanu ya rikice: idan sa ya tsaya a gaba, lamba daban, idan ya ja baya, daban. Na ce ni zan je. Na wuni a can ina kwance wayoyi ina mayarwa, ban gano komai ba.

Washegari Baba ya ce in ɗauki ƙanwata a babur mu koma tare. Ba ta buɗe akwatin wayoyin ba ma. Ta hau sikelin, ta tsaya a kowace kusurwa tana kallon lamba. A ta uku ta ce, "Yaya, ɗaga min nan." Na sa ƙarfe na ɗaga. Kashin shanu da laka ne suka bushe a ƙarƙashin lodsel ɗin, suna karɓar rabin nauyin. Ta kankare, aka shigo da sa, lamba ta zauna.

Makiyayan suka yi ta sa mata albarka. Matar ɗayansu ta kawo mata nono a ƙwarya, ni kuma aka miƙo min ruwan wanke hannu. A hanyar dawowa ta ce, "Ai kai ka ɗaga, Yaya." Na ƙara wa babur wuta don kada in amsa.

Yanzu Baba ya tsufa, mu biyu ke riƙe da shagon, kuma ban taɓa yi mata musu a kan aiki ba. Amma kwanan baya makiyayin nan ya sake zuwa, ya tarar da ni kaɗai. Muka gaisa sosai, har ya tambayi iyali. Na ce, "Me ya samu sikelin, Alhaji?"

Ya leƙa bayana cikin shago, ya ce, "Ba komai, Masta. Zan jira ta."

Na jawo masa benci.