Wasiyyar Kakana a Bayan Takardar Lantarki

Kakana ba ya sayen takarda. Ɗan kasuwa ne mai rumfuna uku a Maradi, amma ko a kan kwalin sukari sai ya yi rubutu. Shi ya sa ban yi mamaki ba da aka sami wasiyyarsa a bayan takardar kuɗin lantarki, da ajami, cikin aljihun babbar rigarsa.

Layi huɗu ne. Ya ce lambun zogalensa na Jiratawa a ba ni.

Mahaifina ya riga shi rasuwa, saboda haka ba ni da gado ko na allura. Ga shi kuma aurena ya mutu, ina zaune a Sabon Gari da ƴaƴa biyu, ganyen lambun nan nake dafawa in sayar. In ya tafi, abincinmu ya tafi.

Ranar rabo aka taru a zaure. Malamin da aka kira ya juya takardar gaba da baya, ya ce lambun bai kai sulusin dukiyar ba, ni kuma ba magajiya ba ce, to nan babu matsala. Amma ina shaidu? Tsohon nan, da ko akuya ba ya sayarwa sai da mutum biyu a tsaye, ya rubuta abinsa shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, ga shi babu halin in je in yi masa tsiya.

Malam ya ce rubutu kaɗai bai isa ba, sai fa in magada sun yarda nasa ne.

Gwaggona ta Tsibiri ta ce ita ba ta iya karatu ba, abin da wanta ya ce shi ke nan. Wan nata shi ne Baffa, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, kuma kowa ya san ya riga ya yi wa lambun ciniki.

Ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallo.

“Malam, duk Maradi babu mai mugun rubutu irin wanga sai tsohonmu. Nashi na.”

Aka yi dariya, ban da shi. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

“Amshi, ɗiyata. Da ubanki na da rai, da ya hi haka samu.”

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni.