Orval Tackett, Mai Safar Hannu Fara

Ubangiji ne ya bayar, Shi ne kuma ya karɓa. Ran Talata, tara ga Maris 1999, Nelda, 'yar Orval, ta bugo mini waya ta ce, "Baba Emmett, abokinka ya tafi." Na cire hulata, na zauna.

Orval, ni ban yi makaranta ba, ka sani, amma abin da idona ya gani ba ya gogewa. Na tuna shekarar fari da ka buɗe wa shanuna rijiyarka, ko godiya ka hana ni yi. Sai dai yau wata maganar ce ta kawo ni, wadda na riƙe shekara arba'in da shida.

A 1953 masu fim suka sauka garinmu, za su ɗauki labarin 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari a keken alfadarai. Mu biyu aka ɗauka kula da dabbobi. Akwai wurin da jarumar za ta gangaro da keken daga kan dutse, alfadarai shida a guje. Yarinyar ta leƙa gangaren, ta ce ba za ta iya ba, ga darakta ya rantse zai sallame ta. Kai ka shawo kansa, ka zura doguwar rigarta da malafarta da fararen safar hannunta.

Na ce, "Amarya, ina ango?"

Ka ce, "Rufe baki, ɗan banza. In wani ya ji wannan kafin in mutu, kai zan ɗaura a keken."

Ka gangaro lafiya. Ita ta yi suna, kai ka koma kiwo. Duk shekara ana haska fim ɗin a zauren coci, maza na tafi suna cewa ba a sake mace irinta ba, kai kuma ka fi kowa tafi. Ni ina gefe, maganar na ci na.

To, na cika alkawari. Yanzu saura ni kaɗai, ba kuma zan shiga ƙasa da ita ba. Nelda, ki sake kallon wurin gangaren, ki dubi hannun hagu da ke riƙe da linzami. Ɗan yatsan safar guda yana reto, ba kome a ciki. Yatsan da igiya ta cire wa babanki ne tun yana saurayi.

Allah ya jiƙanka, Orval, ya sauke ka lafiya kamar yadda ka sauke keken nan. Nelda da 'yan'uwanki, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Emmett Sizemore