Ranar da Aka Hana Hajiya Cewa Da Sauƙi

Tun kafin 'ya'yana su riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ba manajan kamfani ba, ba lauyansu ba, ko da yake su ma Allah yana nan yana jiran su. Ni ne, dattijo mai furfura har a gira, wanda ya ajiye boko a aji huɗu na firamare, ya yi shekaru yana masinja a kotun majistare can gida. Aikina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ƙurar fayil ce ta shiga hancina, ni kuma na ɗauka shari'a ce ta shiga kaina.

Matata, wadda nake kira Hajiya, tana aiki a wani babban sito a unguwar Cheetham Hill, nan Manchester a ƙasar Turawa, inda ake sarin barguna da zannuwan gado. Ninkewa take yi tana jerawa a kwali. Wata safiya kwalayen da aka jibga a kan wata kantar ƙarfe suka rufto, ɗaya ya sauka a kafaɗarta ta dama. Ma'aikata sun daɗe suna cewa kantar nan ta karkace, ba wanda ya kula su.

Hajiya ta dawo gida ta zauna. Sai manaja ya riƙa bugo waya duk mako, murya kamar an shafa mata man shanu, yana tambayar kafaɗa. Ita kuwa da ɗan Turancinta sai ta ce better, thank God, wato da sauƙi, an gode Allah. Ta je wurin GP, likitanmu na unguwa, ya tambaya, ta ce better, thank God. To me kuke so ta ce? A wurinmu ko mutum ya fara shure-shuren mutuwa, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Na taɓa gaida wani da hantsi ya ce da sauƙi, da la'asar muka kai shi makwanci. Ashe shi manajan rubutawa yake yi duk lokacin da ya ajiye waya. Da muka tashi neman hakkinta, sai kamfani ya ce ai matar nan da bakinta ta yi ta cewa ta warware, yanzu ne take langaɓewa da gangan. Wato ƙarya take yi. Matar da ko kofi ta fasa a kicin ɗinta sai ta zo ta gaya mini tun ban tambaya ba.

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Ka gaida mutum, ya amsa maka da ladabi, ka naɗe ladabin ka ajiye a aljihu don ka soke shi da shi wata rana. Wannan wace irin tarbiyya ce? Maganar ta zagaya tsakanin matan da suke aiki tare, har Hajiya ta daina zuwa suna da walima. Zancen diyya bai taɓa damun ta ba. Sunan maƙaryaciya ne ya tsaya mata a maƙogwaro.

Aka sa ranar da za ta zauna gaban lauyan kamfani ta rantse, ya yi mata tambayoyi, a rubuta duk abin da ya fito daga bakinta. Idan ta sake cewa da sauƙi a ranar nan, to ta sa hannu a kan ƙazafin da suka yi mata.

Babbar 'yarmu da ke aure a Small Heath, can Birmingham, ita ta samo mana lauya, ƙawarta ce tun jami'a, 'yar wasu mutanen Jos masu zuwa coci. Ita lauyar a Birmingham aka haife ta, Hausarta ta hanci take fita kamar Turancin garin, amma tana ji sarai. Ta ce mu zo ofishinta a unguwar Ladywood ta shirya Hajiya kafin ranar.

Na ce shiri kuma? Ga ni a gida, sai an je Birmingham? Bayan la'asar na zaunar da Hajiya a falo, na sa tabarau, na hau kujera mai hannu. Ni ne lauyan kamfani, ni ne alƙali, wani lokacin har ɗan sandan bakin ƙofa ni ne. Na koya mata ta dafe kafaɗa ta yi nishi kafin kowace amsa. Na koya mata ta ce ba ta ci, ba ta barci, rayuwarta ta ƙare. Na ƙara mata da wata kalma mai nauyi da na tsinta a kotu, permanent disability, wato nakasa ta har abada, wadda ta ƙi zama a bakinta ko da rarrashi.

Ta ce, "Malam, ai ina ci."

Na ce, "A kotu ba kya ci."

Haka muka hau bas daga Manchester, ina biya mata darasi, tana kallon gonakin Turawa ta taga.

Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani kanti. 'Yarmu ta riga mu zuwa. Ta taya uwarta cire kwat, na ga Hajiya ta cije leɓe. Lauyar ta rusuna ta gaishe mu, a nan kam na yaba wa iyayenta.

"Mama, sannu da hanya. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata, alhamdulillahi."

Lauya ta dubi 'yarmu, 'yarmu ta dubi silin. Ni kuma na yi gyaran murya, alamar da muka shirya tun a gida. Hajiya ta tuna. Ta dafe kafaɗa, ta yi wani nishi da ko akuya ba za ta yarda da shi ba, ta soma zubo hadda: "Ba na ci, ba na barci, rayuwata ta ƙare, ina da famanan..." Sai ta tsaya ta waiwayo ni. Na raɗa mata sauran.

Lauya ta ajiye biro. "Wa ya koya miki wannan, Mama?"

Na gyara zama. "Ni ne. Na yi aikin kotu tun babanki bai fara aske gemu ba."

"Wane aiki, Baba?"

Kafin in zaɓo kalmar da ta dace da matsayina, 'yar da na haifa ta ce, "Masinja." Allah ya shirya mana zuri'a.

Lauyar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini. Ta ce, "Baba, mutumin da zai yi mata tambaya da wannan aikin yake ci. Kafin ta kai jimla ta biyu ya gane hadda ce. Zai tambaye ta me ta karya da shi, ta ce shayi da burodi. Ya ce ba ke kika rantse ba kya ci ba? Daga nan duk gaskiyar da ta faɗa ta mutu. Sun kira ta maƙaryaciya ba su da hujja, kai kuma za ka ɗauki hujjar ka kai musu har ofis."

Na hau sama. Na ce a ƙasar nan mai shiru ba ya samun komai, council ma, hukumar da ta ba mu gida, sai ka yi musu ihu kafin su zo su duba boiler, na'urar ɗumama gidan. Na ce su da suka zauna suka ƙulla mata sharri ba wanda ya ce musu kada su ƙara gishiri, sai mu talakawa ne za a ce mu auna magana da cokali. Na ce ke yarinya ce, kotun littafi kika sani. Ta bar ni na zazzage tas.

Sannan ta ce, "Ni kaina doka ta hana ni sa mata magana a baki. Abin da zan iya shi ne in nuna mata yadda zaman yake." Ta juya wurin Hajiya kamar na bar ɗakin. Ta ce za a sami dogon tebur, da tafinta, da mai rubutu. Ta saurari tambaya har ƙarshe kafin ta buɗe baki. Ta amsa abin da aka tambaya kawai, in mutumin ya yi shiru kada ta ji kunya ta cike masa shirun da surutu, tarko ne. In ba ta tuna abu ba ta ce ban tuna ba, wannan ma amsa ce. "Kuma ba waiwayen Baba, don ba zai shiga ba."

Na ce, "Wa zai hana ni?"

Ta ce, "Ni."

Sai aka zo kan da sauƙi. A nan Hajiya ce da kanta ta turje. Ta ce, "'Yata, ni fa ba zan zauna gaban baƙo ina kai ƙarar Allah ba. Shekara da shekaru ya ba ni lafiya, don ya taɓa kafaɗa ɗaya sai in hau raki?"

Lauyar ta matso da kujerarta. "Mamana ma haka take. Ko ta kasa tashi daga gado, ki tambaye ta sai ta ce mun gode Ubangiji. Ki gode masa, Mama, ba mai hana ki. Amma mutumin nan ba gaishe ki zai yi ba, ko da kin ga haƙoransa a waje. A ɗakin can babu gaisuwa. Za ki rantse ki faɗi gaskiya. In kika ce da sauƙi alhali babu sauƙin, me kika faɗa ke nan?"

Na ga maganar ta shigi Hajiya.

"Mu bar zancen zafi," in ji lauyar. "Ki gaya mini kawai yadda kika ɗaura ɗankwalin nan yau da safe."

Na ce, "Yadda mata ke ɗaurawa mana."

"Baba."

Na kama bakina.

Hajiya ta zuba wa tebur ido ta fara magana a hankali. Ta ce takan ciji gefe ɗaya da haƙori, ta zagayo da ɗayan da hannun hagu, ta jingina ƙeya da bango don kada ya zame, in ya zame ta sake. Ta ce tun ranar da kwalin ya faɗo da hannu ɗaya take kabbara. Wanka kuwa, soso ta ɗaure a kan tsohuwar muciya don ta kai bayanta. Tuwo, sauke tukunyar take yi ƙasa, ta naɗe ta da tsumma, ta matse da ƙafafu, ta tuƙa da hagu.

"Shi ya sa yake gudaji," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Ni kuwa na sha tura kwanon gefe ina cewa hannunta ya lalace da zaman Turai.

'Yarmu tana share hawaye da bakin mayafi. Lauyar ta ce, "Mama, kin ji abin da kika yi yanzu? Ba ki yi raki ba, ba ki kai ƙarar kowa ba. An tambaye ki, kin faɗa."

"Wannan ce shaidar?"

"Ita ke nan."

"Au. In dai wannan ce zan iya. Shi ma manajan a kawo shi ya zauna ya ji."

Da ina da hankali, a nan zan yi hamdala in ɗauki hulata. Amma zuciyata tana tafasa, da kamfani, da manaja, da kantar da suka ƙi gyarawa, kuma duk ba sa ɗakin. Wadda ke kusa ita na juya wa.

"Hajiya! Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, kina cizon ɗankwali da haƙori ban sani ba? Sai a Birmingham zan ji, a gaban yara? Akwai safiyar da ta waye ban ce miki ya jiki ba?"

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

"Kana cewa, Malam, kana laluben takalminka. Manajan ma ya fi ka, shi yakan tsaya ya ji amsar."