Tukunyar Hajiya da Karen Mama

Da surukata ta rasu, abu biyu ta bar mana a gidanta na Kafanchan waɗanda babu wanda ya ambace su ranar rabon kaya: jan kare mai karyayyen kunne, da wata tsohuwar maƙwabciya. Mama muke ce wa surukar tawa. A lokacin muna zaune a garin Gidan Waya, ina koyarwa a firamare, maigidana yana gyaran babura. Shi ne babban ɗa, don haka bayan an share makoki muka kwashe komatsanmu da yaranmu uku muka dawo gidan, kada ya zama kango.

Karen bai yi maraba da mu ba, bai kuma kore mu ba. Kallon 'yan haya kawai yake yi mana. Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigin abu, har maigidana kan ce aikin ɗan sanda ya dace da ni, ba alli ba. Sai na sa wa karen ido. Na gano cewa duk ranar Lahadi yakan raka mu zuwa coci, amma da mun kai layin dogo sai ya tsaya, ya juya gida. Ban taɓa ganin ya tsallaka ba, kuma har yau ban san wanda ya kafa masa wannan iyaka ba. Yana yi wa kowane babur haushi ban da na maigidan. Kwana kuwa ba ya yi sai a bakin ƙofar ɗakin Mama, ɗakin da muka kulle tun bayan jana'iza.

Da Disamba ta kama, ya riga mu sanin Kirsimeti ta matso. Ranar da maigidana ya kawo bunsuru daga ƙauyensu ta wajen Kwoi, ɗaure a bayan babur tare da rabin buhun citta, karen ya zagaya shi sau biyu, ya shinshina, sannan ya kwanta kusa da shi kamar mai jinya. In yara sun dawo daga gwajin waƙa suna rerawa a tsakar gida, sai ya ɗaga hanci sama ya taya su da wani irin kuka, su yi ta dariya har su manta baitin. Abu ɗaya ne ba ya so a watan, wato nokawut ɗin nan da yaran unguwa ke kunnawa su jefa ya fashe. Da ya ji ƙarar sai ya shige bayan duron ruwa, jikinsa na rawa.

Maƙwabciyar kuwa Hajiya ce, katanga ɗaya ta raba mu. Danginta sun daɗe suna sayar da hatsi a kasuwar garin. Tana da wata ƙatuwar tukunyar dalma wadda yaro ɗan shekara biyar zai zauna a ciki ba a gan shi ba. Kowace Kirsimeti Mama kan aro ta. Kowace Sallah kuma bencinan Mama da farantanta sukan koma gidan Hajiya. Ɗan Hajiya ne ke zuwa ya yanka mana bunsuru, domin su ma su iya ci, kuma kular shinkafa ta farko gidansu take tafiya tun kafin mu tafi sujada a coci. Garin nan ya ga shekarun da maƙwabta suka daina gaisawa, amma tukunyar ba ta taɓa fashin zuwa ba.

A shekarun da nake zuwa bikin a matsayin baƙuwa, akwai maganar da nake ji daga bakin Mama da zarar an shigo da tukunyar.

"Ku ɗaure kare, tukunyan Hajiya ya zo."

Sai a ɗaure shi a gindin mangwaro, ba za a kwance shi ba sai an mayar da ita. Ni da nake tambayar dalilin komai, wannan kaɗai ban tambaya ba, saboda na ɗauka na sani. Akwai nama a gida, akwai kare, to me ya rage a tambaya?

Ana saura kwana uku Kirsimeti na je aron tukunyar, karo na farko da bakina. Hajiya ta karɓe ni da gaisuwa mai tsawo, ta sake yi mini gaisuwar rashi. Amarya take ce mini, ko da yake ɗana na fari ya shiga sakandare. Da za ta ba ni, ta ɗan riƙe bakin tukunyar ta dube ni.

"Amarya, kin dai san yadda ake yi da ita ko?"

"Na sani, Hajiya," na ce, da ƙarfina kuwa.

Na dawo na ɗaure karen yadda na ga ana yi, na hura wuta na ɗora tukunyar na shiga suyar cincin. Ina cikin suya yaran lungu suka soma harbin nokawut. Karen ya yi ta fizgar igiya yana neman bayan duronsa, har wuyansa ya goge. Tausayinsa ya kama ni. Na dubi bunsuru, yana nan da ransa yana tuƙa, ko tsoka ɗaya babu a gidan balle a sace. Sai na ce a raina tsofaffi ma sukan yi abu ba dalili, na kwance shi.

Na sauke tukunya, na juye man, na jingine ta a jikin katanga ta huce, na shiga ɗaki in zuba cincin a bokiti. Da na fito sai na tarar da karen, ƙafafun gaba a kan bakin tukunya, kansa gaba ɗaya a ciki, wutsiya kawai ke kaɗawa. Ba zan ɓoye ba, sai da na tsaya na yi kallo, domin ban taɓa ganin halitta cikin irin wannan jin daɗi ba. Sannan na jefe shi da silifa.

Da maigidana ya dawo cin abincin rana na ba shi labari ina dariya. Shi bai yi dariyar ba. Ya ajiye cokali.

"Ke, kin san abin da kin yi kuwa? Ba don nama Mama yake ɗaure shi ba. A wurin su Hajiya, in kare ya sa baki a kwano, ba ordinary wanki ake yi ba. Akwai yadda suke yi."

"Yaya suke yi?"

"Ni ina zan sani? Mama ne ya sani." Ya dubi katanga, ya rage murya. "Ki wanke shi da sabulu da ruwan zafi kawai. Wa ya gani? Kare zai je ya kai rahoto?"

Na wanke ta sau uku da tafasasshen ruwa, na goge da soson ƙarfe har ina ganin fuskata a gindinta. Na kife ta a ɗakin girki na rufe ƙofa. A ido dai, tun da aka ƙera tukunyar nan ba ta taɓa yin tsabta irin ta ranar ba.

Amma kwana biyu na yi ina kewaya ta. A cikinta za a dafa shinkafar Kirsimeti. Ni zan zuba a kula in kai, tsohuwar nan ta yi bisimilla ta ci, ta ba jikokinta, domin ta amince da gidan da abincin ya fito. In na yi shiru na ci amanarta, ko da ba za ta taɓa sani ba. In kuma na faɗa, tana iya karɓe tukunyarta ta hana ɗanta zuwa yanka, abin da mata biyu suka riƙe shekara da shekaru ya mutu a hannuna tun a shekarar farko. Har na soma jin abin da matan zumunta za su ce a coci: Mama ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, malamar makaranta ta zo da iliminta ta ɓata. Tsoro nake ji, da kunya, da haushin kaina.

Mai laifin kuwa ko a jikinsa. Na mayar da shi gindin mangwaro, amma tun daga ranar ya yanke shawarar cewa ni mutuniyar kirki ce. Duk wata bakwai da na yi ina ba shi tuwo bai taɓa kaɗa mini wutsiya ba, sai yanzu da na ba shi damar jefa ni cikin masifa. In na gifta sai ya kwanta ya ɗaga ciki sama. Na ce masa, "Kai dai ba ka da kunya," ya lashi ƙafata.

Ranar jajibiri da safe maigidana ya wasa wuƙa ya ajiye, ana jiran ɗan Hajiya. Yara suna ta wanke kujeru. Na shiga ɗakin girki na ɗora tukunyar a kai. Maigidana ya gan ni, ya kau da kai ya ci gaba da kwance igiyar bunsuru.

Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsintar wake. Da ta ga tukunya ba komai a ciki, kuma ba a ranar da aka saba dawo da ita ba, sai ta ajiye faifai. Na durƙusa. Duk kalaman da na shirya a hanya suka gudu.

"Hajiya, kare ya sa baki a ciki. Ni na kwance shi. Ban san dalilin ɗaurin ba, kuma da kika tambaye ni na ce na sani."

Ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai."

Ta gyara mayafinta, ta nuna mini wani wuri a gindin katanga. "Ɗebo mini ƙasa daga can, inda ba a takawa. Ga buta, ga rijiya."

Tana zaune a kujerarta tana ba da umarni, ni ina yi. Na yayyafa wa ƙasar ruwa na cuɗa cikin tukunyar da ita har baki, na ɗauraye. Sannan ruwa zalla, a zuba, a juya, a zubar, tana ƙirgawa da yatsu har wankin ya cika bakwai. Tukunyar da na goge da sabulu mai ƙanshi, ga shi da ƙasa aka gyara ta. Da na ga ba ta ɗaga murya ba, halina ya motsa.

"Hajiya, me ya sa bakwai? Me ya sa ba biyar ba?"

"Haka aka karantar da mu, haka muka tarar."

"To ƙin karen kuke yi ke nan?"

"Wa ya gaya miki? Karen da ke hana ɓarayi shiga lungun nan? Duk Sallah ta kan katanga nake jefa masa ƙashi. Bakinsa ne dai ba ya shiga kwanona." Ta yi 'yar dariya. "Ke kam akwai tambaya. Surukarki ma haka ta zauna a nan tun muna da jajayen sawu, ta ce in lissafa mata duk abin da ba ma ci da abin da ba ma taɓawa. Shi ya sa nake cin abincinta ido rufe."

Na kife tukunyar ta tsane. Na ɗauka magana ta ƙare, har na soma godiya. Sai ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, ba ta dube ni ba.

"Bari ni ma in faɗa miki tawa, amarya. Bana na riga na yanke a raina, in kin kawo shinkafar zan karɓa hannu biyu, in sa miki albarka, in kin fita in zuba wa kaji. Ban san ki ba. Wadda na sani ta tafi."

Ashe da na yi shiru, da haka za mu yi ta yi, ina kai wa kaji abincin Kirsimeti kowace shekara, muna gaisawa da fara'a, ba tare da na taɓa sanin zumuncin ya mutu ba.

Ta ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya tafi yanka, rana na yi. Sannan ta taya ni ɗora tukunyar a kai da hannunta.

"Ki ware mini hanta," ta ce. "Ki bar ta ta dahu sosai, haƙorana sun ƙare."