Ƙananan Kwale-kwalen Baba

Jiya ɗiyata ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, ƙananan kwale-kwale na icce guda huɗu suka zubo. Ƙamshin iccen maɗaci ya bugi hancina, na zauna ƙasa ina kuka.

Baba, mahaifin mijina, masassaƙi ne a Tondibia. Da ragowar iccen turmi yake yi wa yara abin wasa. Yakan ce haka ubansa ya yi masa, tun kafin motocin roba su cika kasuwar Wadata. Duk sanda ya ji ina da ciki sai ya sassaƙa kwale-kwale ɗaya, ni kuwa cikin ba ya zama.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti karo na huɗu, na iske shi gindin iccen bedi, sassaƙe ya rufe masa ƙafa, yana goge kwale-kwale na huɗu da yashi. Ya turo shi gabana bai dube ni ba.

"Ajiye, ɗiyata. Mai shi yana hanya."

Na ce, "Baba, don Allah ka bari haka nan. Kowane ɗaya kabari ne a wurina."

Ya naɗe gizagonsa cikin buhu. Bai ƙara sassaƙa abin wasa ba.

Ya rasu ina da cikin wannan yarinya wata uku. Kunya da tsoro suka hana ni bari ya sani, ban kuma nemi gafararsa ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baba, ya isar maka da abin da bakina ya kasa faɗa.