Wayar da Batirinta Ba Ya Fita

A ƙauyenmu, can bayan 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, waya iri ɗaya kowa ke riƙewa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, tunda ba su ɗauke ni talla ba. Mai shafawa ce amma ta talaka: hotonta dishi-dishi, in ka buɗe abu biyu lokaci guda sai ta tsaya tana tunani. Liman ita, mai unguwa ita, masu tuyar ƙosai ita. Ni da na koma Gusau ina sayar da kayan babur a Sabon Gari, duk zuwan da zan yi gida sai na yi musu tsiya, ina tambaya ko an ɗaura wa garin aure da kamfanin ne ba a gayyace ni ba.

Na san dalilinsu sarai, raina shi kawai na yi. Murfin bayan wayar da farce ake ɓalle shi a zare batir. Garin ba lantarki, sai wani mai caji da ya ɗora faifan sola biyu a kan rumfarsa kusa da masallaci. Da yake batirin kowa na shiga wayar kowa, babu mai zaman jira. Za ka gona, sai ka biya ta rumfar, ka ajiye mataccen a faranti, ka ɗauki cikakke ka wuce. Ban taɓa jin wani ya ce wannan batirina ne ba. Wanda ake zargin ya kumbura, mai cajin kan ɗora shi a benci ya murza, in ya yi ta juyi sai ya jefa shi a gwangwani.

Don hira da sauraren wa'azi aka fara wannan tsari. Da 'yan bindiga suka addabi dajinmu, sai ya koma abin tsira da rai. Ƙauyen da ya fara jin ƙarar baburansu zai kira na gaba, na gaba kuma ya bi mutanen gona ɗaya bayan ɗaya. Maganar ba ta da tsawo: "Sun hito." Kana jin haka ka yar da fartanya.

Da Babbar Sallah ta wata shekara kasuwa ta yi mini kyau, sai na sayo wa mahaifina babbar waya ta wani kamfani daban, siririya mai sheƙi. Ina so ya riƙa ganin jikarsa tangaran, kuma, in faɗi gaskiya, ina so garin ya ga abin da ɗansa ya iya. A rumfar mai caji na miƙa masa, da gangan, don a nan jama'a suke. Baba ya jujjuya ta, ya bi gefenta da farce har ya zagayo.

"Ina murhin wagga?" ya tambaye ni.

Na ce, "Baba, wannan ba a buɗe ta. Batirinta a ciki yake, kwana biyu yake yi bai mutu ba."

Mai caji ya karɓa ya duba, ya ce, "Malam, wagga hwa ba ta shiga cikin namu."

Na ce ai dama ba sa'ar nasu ba ce. Aka yi dariya, Baba ya yi mini addu'a ya zura ta a aljihu. Shi mutum ne da ba ya mayar da kyauta, balle ta ɗansa a gaban mutane. Tsohuwar tasa kuwa na tafi da ita Gusau na ba masu gyara, don na san in na bar ta zai koma mata. Na yi niyyar aiko masa da abin ajiyar caji, na yi ta cewa sati mai zuwa.

Sai marka ta sauka. Kwana uku rana ba ta leƙo ba, sola ya koma ɗigo-ɗigo. Wayar Baba ita kaɗai tana shanye abin da zai cika batir huɗu, kuma sai ta wuni a rumfa. Daga baya na ji cewa shi da kansa ya zare ta daga caji, ya ce a cika wa mutane nasu tukuna. Ban san wannan ba a lokacin, domin ban tambaya ba.

Ranar Talata da hantsi 'yata ta kama kujera ta miƙe tsaye. Na tabbata yau za ta taka, sai na kira Baba ta bidiyo. Na same shi a kan jigawar da ke hanyar gonarsa, inda sabis ya fi kamawa, fartanya a kafaɗa. Ya ga yarinyar ya washe baki, yana kiranta amaryarsa. Can ya ce, "Wagga ta nuna ja, bari in kashe."

"Haba Baba, jan wannan wuni yake yi," na ce. "Tsaya ka gani, yanzu za ta taka."

Ya tsaya. Sau uku yana cewa bari ya kashe, sau uku ina cewa saura kaɗan. Yarinyar ba ta taka ba, zama ta yi daɓas ta jawo silifa tana tauna. Yana cikin dariya hoton ya ɗauke. Na ce sabis ɗin ƙauye ke nan, na fita kasuwa.

Kafin azahar suka fito. Kira ya zaga kamar yadda aka saba, kowa ya samu, kowa ya gudu. Liman ya kira Baba, mai caji ya kira, maƙwabtansa na gona suna gudu suna kira, duk a kashe. Gonarsa tana hayin rafi, ta ɓangaren da mutanen suka ɓullo. Mutum biyu sun yi ƙoƙarin isa gare shi da ƙafa, suka tarar rafi ya kawo, kuma har an fara harbi. Bayan la'asar aka same shi tsakanin kunyoyin gero. A garinmu shi kaɗai aka rasa ranar.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Da ma wani ya zage ni, da na samu sauƙi. Mai caji ya zo gaisuwa, ya riƙe hannuna ya daɗe, yana kallon tabarma. Shi ya san cajin da ya rage a wayar da safe, ya san kuma ya isa ya kai mutum la'asar in ba a taɓa ta ba, amma bai tambaye ni komai ba.

Kafin kaka garin ya watse. Muka kai mahaifiyata, Inna, Bungudu wurin ƙanenta. Mutanenmu da suka bazu can da Gusau har yau wannan wayar suke nema, ko da an kawo wuta. Sababbin da kamfanin ke fitarwa ma an daina buɗe bayansu, sai su bi rumfunan 'yan gwanjo suna cigiyar tsofaffi. Ni ma ita ce a aljihuna, kuma na daina yi wa kowa tsiya a kan waya.

Matata ce ta gaya wa Inna cewa Baba ya ga jikarsa a safiyar, don ta kwantar mata da hankali. Da na je Bungudu, Inna ta sa na zauna kusa da ita, ta ce, "Ashe kai ka yi magana da shi ƙarshe. Mi yac ce maka?"

Na ce, "Ya ce a gaishe ki."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, irin kukan da ke sauke nauyi. Tun daga ranar, duk wanda ya zo duba ta sai ta ba shi labarin: malam bai tafi ba sai da ya ga jikarsa tsaye, ya kuma aiko mata da gaisuwa. In ina wurin, takan juyo ta nuna ni, ta ce ba don wayar da na saya masa ba da ba ta samu wannan ba, Allah shi yi mini albarka. Baƙin su ɗaga hannu, su juyo suna jiran amsata. Nakan ce amin.